Tun da ɗana ya kama wasan harbe-harbe a waya ya zama mafaɗaci

Wannan wasiƙa daga wata uwa ta zo mana. Mun taƙaita ta, mun kuma sakaya sunanta.

"Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, a Kano muke zaune. Babban ɗana shekararsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare. Bara da ya gama jarrabawar aji uku, ƙanena ya ba shi tsohuwar wayarsa. Tun daga nan ya kama wani wasan harbe-harbe da suke kira Free Fire. Da yaro ne mai sanyin hali, shi ke raka ƙannensa Islamiyya. Yanzu sai ƙarfe biyun dare in ji shi yana magana ƙasa-ƙasa cikin bargo. Da asuba sai an yi da gaske yake tashi, in kuwa aka aike shi yana cikin wasan, tsaki ne amsa. Sau biyu ina rasa kuɗi a jakata, daga baya ya amsa cewa wani abu ya saya a cikin wasan.

"Makonni uku da suka wuce ƙanwarsa mai shekara bakwai ta zare cajarsa za ta saka fitila, wayar ta mutu yana tsakiyar wasa. Ya hankaɗa ta, bakinta ya bugi gefen gado, leɓenta ya fashe. Da Babansu ya dawo ya zane shi da bel, ya maka wayar da ƙasa ta tarwatse. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Yaron ya daina zaman gida, na ji yana zuwa wani shagon gem a bayan layinmu, ko ya ari wayar abokai. Babansu ya ce wasannin nan ne ke mayar da yara 'yan daba, in ya ƙara zai kai shi ƙauye wurin kakansa. Surukata ta ce a karɓo masa rubutu. Ni kuma ina tunanin in saya masa wata wayar a ɓoye ko zai dawo zaman gida. Da gaske wasan ne ya canja mini yaro? Ga shi ɗan fari ne, ban saba zama in yi doguwar magana da shi ba."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba yarinyar lafiya, ya kuma shirya mana zuri'a. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kike tsaye: ga mijin da ransa ya ɓaci, ga ɗan da ya juya wa gida baya, ga 'yar ƙaramar da aka ji wa ciwo, duk a kanki kukansu ke sauka. Na kuma lura ba ki kira yaron nan lalatacce ba ko sau ɗaya. Kin ce da mai sanyin hali ne. Ki riƙe wannan da kyau, domin yaron da ke raka ƙannensa Islamiyya bara bai je ko'ina ba, yana nan.

Bari in fara da tambayar da kika yi kai tsaye. Fiye da shekara ashirin ke nan masana halayyar ɗan Adam suna jayayya a kan ko wasannin harbe-harbe na sa matasa faɗa. A 2015 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da ƙaruwar zafin rai da tsokana. A 2018 wasu masana na jami'ar Dartmouth suka haɗa bincike 24 da aka yi a kan yara da matasa fiye da 17,000 a ƙasashe daban-daban, suka ga alaƙar tana nan, amma ƙarama ce. Sai kuma a 2019 Andrew Przybylski na jami'ar Oxford da Netta Weinstein suka bincika matasa kimanin dubu ɗaya 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu yadda yaran suke a gida, ba su ga wata alaƙa ba tsakanin yawan wasan harbe-harbe da yawan faɗa. Ita kanta ƙungiyar ta Amurka a 2020 ta fito ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ɗora wa wasannin laifin ta'asa irin ta sara da suka da kisa. Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, wasan na iya ƙara wa yaro ɗan zafi, amma shi kaɗai ba ya mayar da yaro ɗan daba. Ke kanki kin san daba ta daɗe a Kano tun kafin a san wayar hannu, kuma an san abin da ke ciyar da ita: ƙwaya, zaman banza, bangar siyasa da miyagun abokai.

To in ba harbin da yake gani ba ne, me ya sa ya hankaɗa ƙanwarsa? A nan nake so ki ba ni hankalinki, domin a nan maganin yake.

Kwanaki na zauna kusa da ɗan ƙanwata yana wannan wasan, na ce ya yi mini bayani. Mutum hamsin ne ake saukewa da laima a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, filin kuma yana ta matsewa har a bar wanda ya tsira. Zagaye ɗaya ba ya wuce minti goma zuwa sha biyar. Sau da yawa su huɗu ne ƙungiya guda, suna jin muryar juna ta abin kunne. Na ga yadda yatsunsa ke rawa a kan gilashin wayar, na ji wani yaro daga can yana kiran sunansa yana cewa ya zo ya tashe shi an harbe shi. Ana haka uwarsa ta ƙwala masa kira daga kicin. Ya ɗago ya dube ni kamar zai yi kuka, ya ce, "Umma, in na fita yanzu an kashe su duka, kuma makina zai sauka." A ranar na gane cewa wannan wasa ba kamar kallon fim ba ne da za ka tsayar ka dawo. Wanda ya fita a tsakiya ya bar abokansa uku a hannun abokan gaba, ya rasa matsayin da ya kwashe makonni yana tarawa, gobe kuma a makaranta a yi masa dariya.

Ki ɗora wannan a kan abin da ya faru a gidanki. Wayar ta mutu a daidai lokacin da jikinsa duka ya ɗau zafi. Shi Przybylski ɗin nan da wasu abokan aikinsa na jami'ar Rochester sun yi wani bincike a 2014 da ya nuna cewa takaicin kasawa da shan kaye a wasa yana tayar da fushi ko da wasan babu harbi ko jini a cikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gidan kallon ƙwallo ke hargitsewa in an ɗauke wuta ana dab da bugun fanareti ya san wannan.

Sai babban abin da nake zargi, wato barci. Likitocin barci sun ce matashi daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa takwas zuwa goma a kowane dare. Ɗanki yana kwanciya ƙarfe biyu, a tashe shi sallar asuba, ya shirya ya tafi makaranta. Ko awa huɗu bai samu ba. Babba ma in ya yi wata guda a haka sai ya zama abin tsoro a gidansa, balle yaron da ɓangaren ƙwaƙwalwarsa mai taka wa fushi birki bai gama nuna ba, don wannan ɓangaren sai an haura shekara ashirin yake kammala girma. Tsakin nan da yake yi miki, ina kyautata zaton rabinsa na rashin barci ne.

Duk wannan bayani ne na dalili, ba wanke shi nake yi ba. Ya sa hannu a jikin yarinya 'yar shekara bakwai har ta zubar da jini, ya kuma ɗauki kuɗinki ba da izini ba. Waɗannan laifuka biyu ne da dole ya ɗauki nauyinsu, kuma dukan da ya sha bai biya su ba. Hasali ma dukan ya ba shi damar ganin kansa a matsayin wanda aka zalunta, ya manta da wadda ya zalunta. Yana bukatar ya durƙusa gaban ƙanwarsa ya ba ta haƙuri da bakinsa, ya kuma yi mata wani abu da hannunsa, ko raka ta makaranta na mako biyu, ko ya saya mata wani abu daga kuɗin tararsa. Kuɗinki kuwa a lissafa su, ya biya a hankali, ko daga kuɗin makarantar da ake ba shi ko da wani aiki a gida da kuka yi yarjejeniya a kai. Abin da ya saya ana kiransa dayamon, kuɗin cikin wasan ne da ake sayen tufafi da kwalliyar bindiga da su, kuma waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun tsara shi ne yadda yaro zai riƙa jin kunya in nasa mutumin ba shi da ado. Ya kamata ya san cewa da gangan aka ɗana masa wannan tarkon.

Ita ma yarinyar kada a manta da ita. Ki tabbatar ta ji daga bakinki cewa ba laifinta ba ne aka fasa wayar yayanta, domin yara kan ɗora wa kansu irin wannan su yi shiru.

Yanzu Babansu. Ina roƙonki kada ki riƙe shi a zuciya. Mutum ne da ya dawo gida ya tarar da jini a bakin 'yarsa, kuma tsoron da ke ransa na gaske ne, don duk uban da ke da ɗa namiji a garin nan yana kwana da fargabar daba da shaye-shaye. Sai dai ki duba abin da yaron ya gani a wannan rana. Shi ya fusata ya hankaɗa wadda ya fi ƙarfi, sai wanda ya fi shi ƙarfi ya fusata ya zane shi ya fasa abu. Darasin da ya ɗauka a nan ya fi duk wanda zai ɗauka a waya shiga jiki. Akwai wani babban nazari da aka fitar a Amurka a 2016, wanda ya tattara binciken shekara hamsin a kan yara fiye da 160,000, ya nuna cewa yaran da ake yawan duka sun fi zama masu faɗa da taurin kai. Ki sami Babansu a lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ba, kuma kada ki fara da cewa ya yi kuskure. Ki fara da abin da ya fi damunsa. Ki ce masa, "Baban yara, tsoron da kake ji ni ma shi nake ji. Amma da yana wasan a ɗakinsa muna jin motsinsa, yanzu yana shagon da ba mu san da wa yake zama ba." Wannan ita ce gaskiyar magana, kuma ita ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Ba kowane shagon gem ne matattarar banza ba, da yawansu ƙwallo kawai yara ke bugawa. Amma a can zai haɗu da waɗanda suka girme shi, a can ake wasa da kuɗi, a can kuma zai iya samun wasanni irin su GTA da aka rubuta a jikinsu cewa na 'yan shekara 18 ne zuwa sama.

Maganar saya masa waya a ɓoye, ina ba ki shawara ki bar ta. Na san tausayi ne ya kawo ta, amma ranar da Babansu ya gano, kuma zai gano, rigimar ta tashi daga kan yaro ta koma kan aurenki. Shi kuma yaron zai koyi cewa in uba ya rufe ƙofa akwai taga wurin uwa. Kai shi ƙauye ma a matsayin horo ban goyi baya ba. Karatunsa zai katse, zai tafi da jin an kore shi, kuma ƙauyen yau akwai waya. In dai hutu ne zai je ya yi mako biyu wurin kakansa, ya taya shi aikin gona, ya yi barci da wuri, wannan alheri ne, amma a kira shi ziyara.

Kin ce ɗan fari ne. Na san wannan kunyar, da ita aka raine mu, kuma ba na raina ta. Amma kunyar ɗan fari ta yi aiki ne a gidajen da akwai kaka da goggo da baffa a tsakar gida ɗaya, waɗanda ke jan yaron a jiki in uwa ta kau da kai. A gidan da daga ke sai Babansu sai yara, in kin yi shiru, uban kuma yana fushi, to ba wanda ke magana da yaron nan sai muryoyin da ke cikin abin kunnensa. Ba sai kin kira sunansa ba. Ki kira shi ya taya ki wani aiki, ko tsinke zogale ko jera kaya, don magana ta fi fita in hannu na aiki ido ba ya cikin ido. Kada ki fara da faɗa. Ki ce, "Wai ni wasan nan me ke cikinsa? Su wa kuke yi da su?" Ki saurara har ya gama. A cikin amsarsa za ki ji ko akwai wani abu a ƙasa, ko ana tsangwamarsa a makaranta, ko karatun babbar sakandare ya yi masa nauyi, ko a wasan ne kaɗai yake jin ya iya wani abu har ana yaba masa. Ruwa ba ya tsami banza.

Kawunsa da ya ba shi wayar shi ne mutumin da zan so ya shiga tsakani. Yaro kan faɗa wa kawu abin da ba zai faɗa wa uba ba. Shi zai fara zama da yaron, sannan ya rako shi ya ba Babansu haƙuri, a kuma yi zama ɗaya ku huɗu a tsara yadda za a ci gaba. Ni a ganina a bar shi wata guda babu waya tasa, ya biya bashin da ke kansa, barcinsa ya daidaita. Bayan nan in zai sami waya, ta fito daga hannun Babansu, da sharuɗɗan da shi ma yaron ya sa baki a ciki, domin dokar da aka yi da mutum ta fi wadda aka yi masa daɗewa.

Sharaɗin da ba na so a sassauta ko kaɗan shi ne na dare: daga ƙarfe tara waya ta kwana a ɗakinku, a can za a yi mata caji. Sauran kuwa a yi su da hikima. Maimakon ki ce minti talatin, ku ƙirga da zagaye, misali zagaye uku bayan ya gama aikin makaranta da na gida, a ƙara masa a ranakun Asabar da Lahadi. In za ki aike shi, ki tambaya saura minti nawa zagayen ya ƙare, shi kuma alƙawarinsa shi ne ba zai shiga sabo ba, kuma ba zai fara ba in an kusa kiran salla. Wannan ɗan canjin kaɗai yana kashe rigima da yawa. Ya riƙa wasan a falo inda ake jin abin da ake faɗa, saboda zagin da yara ke yi wa juna ta cikin wasan wani lokaci ya fi harbin muni. Kada a haɗa wayar da katin banki ko asusun kowa. In wayar Android ce, akwai manhajar Family Link ta Google da kawunsa zai iya saka muku, wadda ke kulle wayar in lokacin da aka ɗiba ya cika. Ki kuma sani ba ku kaɗai ke wannan fama ba. A 2021 gwamnatin Sin ta taƙaita wa duk wanda bai kai shekara 18 ba wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi. Ba na cewa ku tsananta haka, amma ki lura su ma lokaci suka kama.

Ku kuma yi maganar fushin kansa, a ranar da ba a fushi. Ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi, an koya masa a Islamiyya. Abin da ya rage a mayar masa da shi aiki: in an cinye shi sau biyu a jere ya ajiye wayar, ya tashi ya sha ruwa ko ya yi alwala kafin ya koma. In kuma ya sake sa hannu a jikin wani a gidan, waya ta tafi mako guda, ba duka, ba zagi, ba kuma roƙo. Sannan a cike masa gurbin da wasan zai bari, in ba haka ba shagon zai koma. Ƙwallon yamma a unguwa tana ƙona wannan zafin jikin. Yaron da ke son waya haka kuma, in da wani amintacce a kasuwar Farm Centre, ranar Asabar ya je koyon gyaran waya, ya ga yadda cikinta yake, ya fara riƙe 'yan kuɗin da ya samu da guminsa.

Addu'ar da surukarki ta kawo shawara a yi ta, ke ma ki dage da taki, bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Amma a haɗa da lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa akwai larurar kamuwa da wasan gem, kuma alamominta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan komai, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci har tsawon wata goma sha biyu. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan, kuma daga wasiƙa ba zan iya cewa ɗanki ya kai ba. In kun yi wata biyu kuna bin tsarin nan babu sauyi, ko ya fara gudun makaranta, ko ya sake ji wa wani rauni, ko kika ga idonsa na ja, maganarsa na jan baki, ko ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada ku jira. Ku kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka, likitoci ne da suka saba da damuwar matasa da ta shaye-shaye.

Yau da daddare in ya shigo, ko da ya makara, ki ajiye masa abincinsa da zafi, ki zauna kusa har ya ci, kada ki ɗauko zancen komai. Gobe ki kira kawunsa. Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ki gaya mini ƙarfe nawa yake barci, da kuma ko shi da Babansu sun fara tafiya masallaci tare.